Inda Take Jingina Kai

Idan ana lissafin masu taurin kai a layin nan, da Malam Ba-Ɗigo ake farawa, kuma da za a gaya masa ba zai ji haushi ba, sai dai ya tambayi wa aka sa na biyu. Mai fenti ne. Tun yana saurayi yake riƙe da buroshi, har gashin kansa ya yi fari ba da taimakon fenti ba. Sunan ya samo shi ne a gidan wani likita, inda ya shafe silin ɗin falo da fararen kaya a jikinsa, ya sauko daga tsani ba ɗigo ko ɗaya a rigarsa ko a dardumar mutane. Matar likitan ce ta fara faɗa, 'yan layi suka ɗauka, shi ke nan sunansa na gaskiya ya ɓata.

Yana da dokoki, kuma ba a yi wanda zai sa shi ya karya su ba. Ba ya tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar ruwan wanke-wanke don bokiti ya yi auki. Ba ya shafa a kan bangon da bai bushe ba, ko da mai gida zai faɗi ya yi birgima. Babbar dokarsa kuwa ita ce: ɗakin da za ka bari, ka bar shi fari tas, kada wanda zai shigo bayanka ya karanta rayuwarka a bango. Ya ga abin da ya gani a gidajen mutane. Ya ga inda gado ya goge fenti, ya ga inda aka jefi wani da kofi aka kuskure, ya ga inda yaro ya rubuta zagin yayarsa a bayan ƙofa. Yakan shafe, a sallame shi, ya ja bakinsa ya tsuke. A ganinsa rabin aikin mai fenti rufin asiri ne.

A gidan burodi ya haɗu da matarsa. An kira shi ya yi musu fenti, ita kuma tana cikin masu naɗe burodi a leda. Ya gama aiki yana wanke hannu yana jiran yabo, sai ga wata siririya ta zo ta ce masa ya bar wani wuri a bayan kantar sayar da burodi bai shafa ba. Shi! Ya ce ba a taɓa yi ba. Ta ce to yau an yi. Aka ja kantar, ga wurin nan kuwa, faɗin tafin hannu, yana kallonsa. Bai yi mata godiya ba, amma washegari ya dawo sayen burodin da ba ya bukata, haka jibi, haka gata, har dai aka gaji aka ba shi ita.

Suka kama ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, falo ɗaya da uwar ɗaka, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki sai sun yi faɗa. A nan aka haifi Babban, wanda yanzu direban motar kaya ne, a nan kuma aka haifi Auta bayan an cire rai. Matar ba ta bar gidan burodi ba. A tsaye take wuni, idan ta dawo ƙafafunta sun kumbura, ta shige uwar ɗaka, ta zauna a ƙasa daga gefen taga, ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, ta jingina kanta da bango ta lumshe ido. Ba barci take yi ba. Kowa a gidan ya san wannan ɗan lokacin nata ne, ko tukunya ce ke ƙonewa sai dai wani ya je ya sauke.

To, gashi da mai, bango da fenti. A hankali wurin ya fara duhu, ya yi wani ɗan zagaye mai sheƙi kamar gindin tsohuwar tasa. Malam Ba-Ɗigo ya yi mita har ya gaji. Ya ce abin kunya ne a ce gidan mai fenti ne da wannan, ya ce ta sa matashi mana, ya ce ta matsa gaba kaɗan. Ranar da ya shigo da bokiti zai shafe, ta tare wurin da bayanta, ta ce duk garin nan ya shafe ba wanda ya hana shi, wannan ɗan wurin nata ne, ya bar mata kayanta. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, ta ci nata ta rufe masa nasa. Daga ranar, duk shekara yakan shafe bango uku na uwar ɗaka ya bar na huɗun, yana yi yana ƙunƙuni, ita kuma tana ce masa ya kula da labule.

Rasuwarta ba ta zo da sanarwa ba. Ta dawo aiki, ta ce kanta na sarawa, aka kai ta asibiti, kafin wayewar gari an gama. Auta tana wani gari mai nisa tana karatun zane, ta kamo hanya tana kuka, ta iso an riga an binne. Wannan abu ya tsaya wa yarinyar a rai, ba ta kuma cika zancensa ba. Shi kuwa Malam Ba-Ɗigo bai sake ko ƙunƙuni a kan bangon ba. Idan ya dawo aiki yakan zauna a bakin gado ya fuskanci wurin, ya ba shi labarin masu gidan da suka ɓata masa rai, wani lokaci ma ya yi masa gardama. Yana kewar matar nan ƙwarai, bai kuma ga wanda ya isa ya gaya wa ba.

Da Auta ta ce zane za ta karanta, ya yi murna a ɓoye, ya ɗauka jinin buroshi ne ya motsa. Ashe ba irin nasa ba ne. Ta gama karatu ta zama irin masu fasahar nan na zamani da ba sa zana doki ko fure. Ita aikinta bin gidajen da za a rushe, ta kwaso labule, da marfin taga, da tsofaffin hotunan da aka watsar, ta naɗi ƙarar takun matattakala, ta haɗa su a babban zaure mutane su zo su gani. Takan ce tana adana abin da gari ke mantawa ne. Shi kuwa yakan ce wa abokansa 'yarsa bola take bi da digiri, amma idan wani ya taya shi dariya sai ya murtuke fuska, don shi kaɗai ke da izinin faɗar haka.

Sau ɗaya ya je kallon aikinta. Ya sa kayansa masu kyau, ya tsaya a gefe da hannu a baya. Gaskiya abin ya taɓa shi, musamman wani labule mai furanni da rana ta cinye rabinsa, wanda aka rubuta cewa na wata tsohuwa ce da ta shekara tana leƙen dawowar ɗanta ta bayansa. Yana tsaye yana tunanin tsohuwar, sai ga wasu 'yan mata sun zo sun juya wa labulen baya, suka ɗaga waya, suka turo baki, suka ɗauki hoto, suka duba ba su yi kyau ba suka sake. Wani mutum kuma ya tsaya da kofin lemo a hannu yana yi wa abokiyar tafiyarsa bayanin talauci. Ba wanda ya yi laifin da za a kama shi. Amma Malam Ba-Ɗigo ya koma gida ransa a jagule, yana ta tunanin ko tsohuwar ta yarda.

Ana nan sai wakilin mai gida ya zo da labari. Wani ɗan gajere ne mai yawan dariya, shi ke karɓar haya tun mahaifinsa na karɓa. Ya ce an sayar da benen, sabon mai shi zai mai da shi ma'ajiyar kaya, za a fasa duk bangayen ciki, kowa ya tashi kafin ƙarshen wata. Babban ya ce Baba ya dawo wurinsa, akwai ɗaki. Wannan bai zama abin gardama ba. Abin gardamar ya iso ne da yamma, da jaka a kafaɗa da idanu masu ƙyalli.

Auta ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Akwai wani ruwan roba mai kauri, in ji ta, ana shafa shi a bango a manna masa ƙyalle mai shara-shara, a bar shi ya bushe, sannan a ɓare a hankali. Yakan taho da fatar bangon gaba ɗaya, da fentin da dattin da duk wani tabo. Tana so ta ɗauke bangon Mama kafin masu guduma su iso. Za a rataye shi a babban zauren nuni, shi ne zai zama zuciyar sabon aikinta a kan gida da abin da ke saura idan an tashi.

Ya saurare ta har ta dire, sannan ya ce a'a.

Ta ce ai bai gane ba, bangon nan rushe shi za a yi. Ya ce ya gane sarai, a rushe. Ta ce ita ceto take so ta yi. Ya ce wa ya ce mata ana neman ceto? Daga nan murya ta fara hawa. Ta ce ba shi kaɗai ya yi rashi ba, matarsa ce amma ita uwarta ce, kuma ita ba ta da inda take zama ta fuskanta kullum da yamma, muryar Mama ma ta fara ɓace mata. Wannan maganar ta shige shi, don gaskiya ce, kuma ba abin da ke ƙona masa rai irin a yi masa gardama da gaskiya. Sai ya tashi ya shiga kicin yana ta buruntu da kwanuka, ya bar ta da bango.

Babban ya zo sulhu, irin sulhun mutumin da yake so a gama ya je ya kwanta. Ya ce Baba a bar mata mana, tunda ko an ƙi ko an so ƙasa zai zama. Uban ya ce masa ya je ya kula da tayoyinsa. Ƙanwar marigayiyar ma ta bugo waya ta ce ai abin alfahari ne, Yaya za ta shiga tarihi. Ya ce Yayarta ba ta taɓa cewa tana neman shiga wani wuri ba ban da ɗakinta, ya kashe wayar.

Sai Auta ta kawo babbar, wato matar da ke shugabantar gidan nunin. Malam Ba-Ɗigo ya shirya mata tsaf, ya tanadi maganganu masu kaifi, yana jiran mai ɗaga hanci. Kash, sai aka kawo masa mace mai hankali. Dattijuwa ce mai farin tabarau, ta cire takalmi tun daga matattakala, ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa ta'aziyyar da ta shekara da wucewa kamar jiya aka yi. Da aka shiga da ita uwar ɗaka ta tsaya gaban bangon tana kallo. Sannan ta ce ita ma uwarta a tsaye ta yi aiki har ta mutu, kuma ba abin da ya rage nata ko cokali. Ta ce mata irin waɗannan su suka riƙe gari, amma ba a rubuta su a ko'ina, ba a sa hotonsu a ko'ina.

"Baba, idan aka rataye wannan, mutane za su san ta yi rayuwa," in ji ta.

"Ta yi rayuwa ko ba su sani ba," ya ce. Ya nuna wurin da haɓa, don bai iya nuna shi da yatsa ba. "Hajiya, matar nan tunda na aure ta ko bakin ƙofa ba ta taɓa leƙawa ba ɗankwali ba. Wannan da kike gani kanta ne a buɗe, lokacin da ta gaji. Ni aka yarda in gani, da 'ya'yanta. Ke ma don kin zo da mutunci ne."

Matar ta sunkuyar da kai, ta ce ta ji, ta yi sallama ta sauka. Ya so a ce ta yi masa rashin kunya, da ya fi jin daɗin korarta.

Auta ce ba ta ji ba. Ta raka baƙuwar ta dawo tana huci, ta ce ya kunyata ta, ta ce shi ba Mama yake karewa ba, kansa yake karewa, kada a ce gidan Ba-Ɗigo da datti. Ta ce Mama da ta hana shi shafewa ai so take wurin ya zauna. Ya ce ta hana a shafe, ba ta ce a kai kasuwa ba. Ta ce to ita dai ranar Asabar za ta zo da ma'aikatanta da kayan aikinta, makullinta na hannunta, in ya ga dama ya kira mata 'yan sanda. Ya dube ta, tsayuwar uwar sak, har yadda take dafe ƙugu da hannun hagu. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Juma'a Babban ya zo da mota aka kwashe kaya. Gado, kabad, keken ɗinkin da ba wanda ke amfani da shi, duk aka sauke. Malam Ba-Ɗigo ya kwana a sabon ɗakinsa a gidan ɗansa, ɗaki mai kyau da wani sakarai ya yi wa fenti ya bar sawun rola ko'ina. Gari na wayewa ya ɗauki bokitin farin fenti da jakar kayan aiki, ya fita ba wanda ya gaya wa.

Ɗakin da ba kaya ƙara gare shi. Ya shimfiɗa leda a ƙasa, ko da yake ƙasan ma fasa shi za a yi, don hannu ya riga ya saba. Ya shafe falo, ya shafe kicin, ya shafe bango uku na uwar ɗaka, ya zo kan na huɗu. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san ba a shafa fentin ruwa a kan maiƙo haka kawai. Sai an kankare wurin, an goge da samfefa har an tarar da siminti, an wanke, an rufe da fentin mai, sannan a bi da fari. Shi da ya koya wa mutane da yawa wannan, ya durƙusa, ya ciro ƙarfen kankara, ya ɗora bakin ƙarfen a gefen zagayen.

Hannun ya ƙi. Ya ce masa kai, yi mana. Ya gyara durƙuso, ya sake ɗorawa, sai ya ga wani siririn gashi guda ɗaya manne a cikin tsohon fentin, fari, ya lanƙwashe. Ya ajiye ƙarfen. Shafewa zai iya, wannan lulluɓi ne, kamar ka ja wa mai barci mayafi. Amma ya sa ƙarfe ya kankare ta kamar dattin kicin ɗin wasu, a'a, ba da hannunsa ba. Ya tsoma rola, ya ce mata ta yi haƙuri, ya karya alkawari amma ita ma ta ga dalili, ya bi ta kan wurin daga sama zuwa ƙasa. Bangon ya yi fari fat. Ya zauna a kan jakarsa, zuciyarsa kamar an yashe ta.

A haka Auta ta same shi. Ya ji tsayuwar motarsu a ƙasa, ya ji tana ce wa mutanenta su jira ta buɗe, ya ji takunta a matattakala yana raguwa tun da warin fenti ya tare ta. Ta tsaya a ƙofar uwar ɗaka. Ya shirya wa ihu, ya shirya wa zagi ma in ta kama, ya riga ya ɗaure fuska. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi bangon ta dube shi, ta ce da wata ƙaramar murya da bai san ta da ita ba:

"Baba, wancan karon ma ban same ta ba."

Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Bai ce ya yi nadama ba, don bai yi ba, da za a mai da bangon yadda yake da ya sake shafewa. Amma ya san ya cuci yarinyar nan, kuma ya san duka biyun gaskiya ne. Ta zame ta zauna a kan ledar, ta haɗa kai da gwiwa tana kuka ba sauti. Wayarta ta yi ta ruri a jaka ba ta ɗauka ba. Shi ma bai motsa ba, suka zauna kowa da nasa gefen, iska na shigowa ta tagar da ba labule.

Shi ya fara gani. Fentin ya fara shan iska, sheƙin danshi na janyewa daga gefe-gefe, sai ga wani ɗan rawaya-rawaya yana tasowa daga ƙarƙashin farin, daidai gefen taga, daidai tsayin mutumin da ke zaune. Da farko kamar inuwa. Can sai ya fito sosai, zagayen nan dai, da ɗan karkacewarsa ta hagu inda take kwantar da kai idan gajiyar ta yi yawa. Ya miƙe da sauri kamar wanda aka kama, ya tsoma rola ya sake bi. Ƙarar rolar ce ta sa Auta ta ɗago. Suka zuba wa bangon ido su biyu har ya sake shan iska. Wurin ya dawo.

Auta 'yar mai fenti ce, a cikin warin kananzir ta girma. Ta share hanci da bayan hannu, ta dubi ƙarfen da ke yashe a ƙasa da samfefar da ko lanƙwasa ta ba a yi ba.

"Ba ka kankare ba."

"Hannuna ya ƙi."

"Ko sau nawa ka shafa sai ta fito."

"Na sani," ya ce. "Da ma can ba ta jin magana."

Wata irin dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan, mara daɗin ji. Ta san aikinta ya riga ya lalace, ruwan robarta ba abin da zai ɗauko yanzu sai ɗanyen fenti. Ta rarrafa ta matsa kusa, ta zauna tana kallon wurin kamar mai haddace shi. Can ta laluba jaka ta ciro waya, ta ɗaga, sannan ta waiwayo ta dube shi. Ya girgiza kai. Ya ce ta kalla da idonta iya son ranta, yau ba mai korarta, amma ban da wannan. Ta daɗe da wayar a hannu, yana ganin yadda muƙamuƙinta ke motsi, yana kuma sane da cewa in ta danna ba abin da zai iya yi. Ta mai da ita jaka.

Ta sauka ta sallami mutanenta. Yana jiyo ta daga sama, wani yana tambayar to kayan da aka saya fa, tana ce masa ta ce a tafi, ko akwai wanda bai ji ba? Da ta dawo ta gaya masa a fili cewa kada ya ɗauka ta yafe, ba ta yafe ba, kuma ba ta san ranar da za ta yafe ba. Ya ce bai roƙa ba. Ta koma ta zauna inda ta tashi. Suka kai har azahar a nan, shi yana wanke rola da buroshi a hankali fiye da yadda aikin ke bukata, ita tana kallo, wani lokaci ta tambaye shi wani abu game da uwar, ya ba ta amsa a gajarce, ta sake tambaya.

Da rana ta karkata wakilin mai gida ya hauro karɓar makulli, yana haki yana dariya. Ya leƙa falo ya ce kai, Baba, wa ya aike ka, gidan da za a fasa jibi ka yi wa kwalliya kamar za a kawo amarya? Ya leƙa kicin ya yaba. Ya shigo uwar ɗaka yana kaɗa makullan sauran ɗakuna a yatsa, sai ya tsaya, ya karkata kai.

"Af, Baba, yau an kama ka. Ga tabo nan ka bari."

"Na gani."

"To ba komai, ai masu guduma ba sa duba fenti."

Malam Ba-Ɗigo ya ɗaure bakin jakarsa, ya miƙe, ya ciro makullin daga aljihu. Bai sake shi nan da nan ba, sai da mutumin ya daina dariya ya dube shi.

"Ka gaya musu su yi sallama kafin su shigo," ya ce. "Mu mun tashi. Matar gidan ta ce ba inda za ta."

Ya saka masa makullin a tafin hannu, ya ɗauki bokitinsa. A bakin matattakala Auta ta karɓe bokitin ta wuce gaba, shi kuma ya bi ta a baya yana dafa bango.